Finjali Mai Jan Zare

Zai yiwu na gauraya wasu abubuwa a nan, domin an ɗan jima, kuma ban rubuta komai ba a lokacin. Abin da na tabbata da shi kawai shi ne finjalin, tunda yana gabana yanzu.

Bayan na gama jami'a na dawo Maradi, aka ɗauke ni aikin wucin gadi a gonakin ban-ruwa na Jiratawa. Da sassafe nake hawa moto, wato babur, in yini cikin rana ina auna fili, in dawo bayan la'asar. Ba na zarcewa gida. Akwai fadarmu, wurin hirarmu ta samari, a Sabon Gari, a ƙofar shagon wani tela da ya girme mu duka, muna ce masa Yaya. Shi ke dafa shayi. Finjali biyu ne ko uku ke zagaya mu, kuma Yaya ne ke fara kurɓa ya ji sukari kafin ya miƙa. Ni suna kirana Mushe, wato monsieur na Faransanci, don tsokana saboda na yi boko.

Tun ina yaro ƙurji kan fito mini a leɓe in na yi zazzaɓi. A gidanmu murna ake yi da shi, a ce zazzaɓin ya fita. Amma a shekarar nan ya riƙa dawowa ba zazzaɓi, ina jin ranar Jiratawa ce da gajiya. Yakan fara da ɗan ƙaiƙayi, washegari ƙananan ƙuraje masu ruwa su taru wuri ɗaya. Na gwada tafarnuwa ta ƙone ni, lemun tsami kuma ya sa ni hawaye. Daga ƙarshe na shiga farmasi a unguwar Zariya. Matar da ke wurin ta ce ƙwayar cuta ce da ke zama a jiki, ta kwanta ta tashi, kuma mutane da yawa suna da ita. Ta ba ni man shafawa, ta ce ya fi aiki tun ana jin ƙaiƙayi. Sannan ta ce in ƙurjin na da ruwa kada in haɗa kofi da kowa, kuma in nisanci jarirai, don a gare su abin ba wasa ba ne.

Wannan maganar ce ta tsaya mini, domin an yi wa ɗaya daga cikinmu, mai sayar da atamfa, haihuwa a watan. Ina tsoron ya ɗauki ciwon a finjali ya kai wa jaririn.

Da aka miƙo mini finjali ranar, sai na ce na ƙoshi.

"Ka ƙoshi da shayi?" in ji mai atamfa. "Tuwo ne?"

Aka yi dariya. Washegari na zo da nawa finjalin a aljihu. Na so in yi bayani, amma sunan da matar farmasi ta kira ciwon da shi a Faransanci, a wajen samari sunan wata cutar kunya ce, kuma na san bakin fada. Na yi ta juya maganar a raina har shayi ya ƙare.

"Mushe ya zo da kayan aikinshi," wani ya ce. "Gobe da kujera za ya zo."

Yaya bai yi dariya ba. Mutum ne mai cin goro, haƙoransa jajaye, biyu sun fita. Na lura daga ranar ya daina kurɓar farko, sai ya ɗiga shayin a tafin hannu ya lasa. Ya ɗauka bakinsa nake ƙyama.

Ran wata Lahadi ya roƙe ni in kai shi Tibiri a moto gaisuwar mutuwa. A hanyar dawowa, da yake yana bayana ba ya ganin fuskata, na gaya masa komai. Sai na ji yana dukan kafaɗata.

"Don wanga ɗan ƙurjin? Haba Mushe! Ni na ɗauka goro na ne ya dame ka. Tsaya, tsaya nan."

Ya sa muka koma gidan wata gwaggonsa, ta ɗebo mini zuma da man kaɗanya. Ba zan ce sun warkar da ni ba, don ciwon yana dawowa har yau. Amma zumar tana rage zafi, man kuma yana hana ɓawon tsagewa, kuma in zan shiga rana nakan shafa shi in sa malafa. Ko hakan na rage fitowarsa, ban sani ba. Ni dai ina ganin kamar ya ragu.

Da muka koma fada, Yaya ya ɗauki ɗaya daga cikin finjalansa, ya ciro jan zare daga keken ɗinkinsa ya ɗaura masa a wuya.

"Wanga na Mushe ne in leɓenshi ya tashi. Don jinjirin mai atamfa yake yi. Wanda ya ƙara magana shi za ya sayi gawayi."

Na ji daɗi ƙwarai. Ƙurjin ya bushe, ɓawon ya faɗi, na zauna ina jiran finjalin kowa ya iso kaina. Sai aka miƙo mini mai zare. Na ce a raina wataƙila tabon bai gama bajewa ba, bari in ƙara haƙuri. Mako ya wuce, wata ya wuce, hannu ya saba. Sababbin da suka shigo fadar ba su san asalin zaren ba. Na ga ɗaya yana wanke finjalin daban, da ruwan zafi, yana riƙe shi da yatsa biyu. Yaya, ina tsammani, ya ɗauka haka na fi so. Ni kuma duk ranar da na yi niyyar miƙa hannu ga na kowa, sai in ji kamar leɓena yana ƙaiƙayi, in fasa.

Daga baya Yaya ya tashi da shagonsa ya koma Yamai wajen ɗansa, fadar ta watse. Ranar da yake ɗaure kaya ya raba mana 'yan tarkacen shayin, butar ta tafi wajen mai atamfa, ni ya ba ni finjalina mai zare. Jaririn nan yanzu yana zuwa makaranta, lafiya lau, kuma ba ni da hanyar sanin ko finjalin ya taimaka masa da wani abu. Abin da na sani, tun ranar da na ce na ƙoshi ban sake shan shayi a finjali ɗaya da su ba.

In wani daga cikin 'yan fadar ya karanta wannan ya ga na yi kuskure, ya aiko mini da gyara. Na fi son in ji abu ɗaya: bayan leɓena ya warke, tsoro ne ya sa kuka ci gaba da ba ni mai zaren, ko kuna jiran in ce a kwance shi ne?