Auta Mai Yanka Littafi da Reza

Ƙanwata Auta wanki take yi a wani asibiti. Injina uku take tsaro a wani ɗaki na can baya, ga zafi, ga ƙarar da sai an ɗaga murya ake jin juna. Daga sakandare ba ta ƙara gaba ba. Ni ce mai digiri a gidanmu, ni ke da tebur da fanka a ofis. Amma tsofaffin littattafan labarin nan masu kauri, Auta ta karanta sun fi talatin, ni kuwa shekara huɗu ina kan guda ɗaya. Abin yana cina, ba zan ɓoye ba.

Dabararta ce ma ta fi ba ni haushi. In ta samu littafi sai ta sa reza ta tsaga shi ta baya, shafi ashirin-ashirin, ta ɗinke kowane kashi da zare. Kullum kashi ɗaya take naɗewa a aljihun rigar aiki. Inji na cin minti arba'in kafin ya tsaya. Ta zuba zannuwan gado, ta kunna, ta kife bokiti ta zauna ta hau karatu. A motar haya ma haka. Ta taɓa ce mini, "Yaya, mai kauri tsoro yake ba mutum. Ki yanka shi ki gani, nan take girman kansa zai sauka."

Ni kuwa lokaci nake jira. Sai an yi hutu, sai yara sun tafi gidan kakarsu, sai na sami kujera mai daɗi. In ranar ta zo, sai barci ya kwashe ni a shafi na tara.

Babanmu tsohon malamin makaranta ne. Yana da durowar gilashi cike da littattafan da ya tara tun yana saurayi, kuma muna yara ba mai taɓa su sai ya wanke hannu. Da idonsa ya daina gani, ya shirya komawa gidan babban wanmu, sai ya ce littattafan ɗayarmu zai bar wa. Ai nawa ne, wa kuma? Har na auna bangon falona.

Wata Asabar na leƙa ɗakin Auta, na ga koren bangon littafi a kan tabarma, da sa hannun Baba a ciki. Ta aro, ta yanka shi kashi-kashi! Wallahi daɗi na fara ji kafin takaici.

Washegari muna gaban Baba, ina zuba masa shayi, na ce, "Baba, ka san Auta ta sa reza a koren littafinka?"

Auta ta sunkuyar da kai. Baba ya miƙa hannu ya ce, "Kawo abin da ke aljihunki." Ta ba shi. Ya shafa ɗinkin da yatsa, ya juya takardun da suka yi laushi, ya kai hanci.

"Sabulu," in ji shi. "Ina kika tsaya?"

"Inda matar ta ƙi buɗe wa ɗanta ƙofa."

"Ta yi daidai."

"Haba Baba! Muguwa ce."

Shi ke nan aka kaure. Awa guda suna musu a kan matar da ba a taɓa haifa ba, Baba har yana buga sanda a ƙasa, yana dariyar da rabon in ji ta tun rasuwar Inna. Ni ina zaune da butar shayi a hannu. Sau ɗaya ya juyo ya ce, "Ke me kika gani?" Na ce ban kai wurin ba tukuna. Ban ma taɓa buɗe shi ba.

Da suka gaji, ya laluba aljihu ya ciro ɗan makullin durowar littattafan ya ba Auta. Ya ce, "Ki kwashe su duka. Amma duk kashin da kika gama, ki zo mu yi faɗa."

Na ce, "Baba, yanka su fa za ta yi."

"Na sani, 'yar nan." Ya lalubo hannuna ya riƙe, don ya ji muryata ta canza. "Ke kuma ki ɗauki durowar. Mai kyau ce, na san ba za ki bari ta lalace ba."