Kunun Saloma

Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin in yarda in rubuta shi. Abin da ya riƙe ni shi ne ban san wanda zan ɗora wa laifi ba. Lokacin da na dawo Zuru a shekarar 2006, bayan dogon zaman karatu a Ibadan, ina cikin masu yabon shirin da gwamnatin jiha ta kawo don taimakon manoma. Na ga gonakin wake da a da ƙwari ke cinye furensu sun yi 'ya'ya har sun kwanta. Har yanzu ban janye yabon ba. Amma ta cikin shirin nan ne abin da ya sami Saloma ya same ta, kuma ita ƙanwar mahaifiyata ce, saboda haka ba ni da tabbacin idona yana ganin daidai. Zan faɗi abin da na gani da abin da aka gaya mini.

An haifi Saloma a wani ƙauye kusa da Mahuta. Ta auri Philip yana sabon soja, ta bi shi bariki bayan bariki, daga Kaduna zuwa Enugu, daga can Maiduguri, har Legas. Abu biyu ta ce zaman bariki ya koya mata. Na farko kunun zaƙi, wanda take sa wa citta da kanumfari da ɗan dankali, ta sayar wa sojoji a bakin fili. Na biyu shi ne ba a zubar da abin da ke da murfi. Canjin wurin aiki yakan zo ba shiri, a loda iyali da kayansu a bayan babbar mota, kuma duk abin da ba a rufe ba sai ya zube kafin a kai. Don haka matan bariki ke tara gwangwanin madara da robar fenti da kwalbar magani. Da Philip ya yi ritaya yana kofur suka dawo Manga, ƙauyen da ke kusa da Zuru, rabin kayan Saloma gwangwanaye ne. Tun ina yaro nake sha'awar kantar ɗakin girkinta, komai a jere, gishiri da daddawa da kuka, kowanne da murfinsa.

A Manga kununta ya yi suna. Ba a taron zumuntar mata a coci, ko zaman makoki, ko cin Kirsimeti, ba tare da an ce a kai wa Saloma dawa ta jiƙa ba. Ba ta iya karatu ba, ba ta da murya a waƙa, kuma ita da kanta ta sha faɗa cewa abin da Allah ya ba ta hannu ne.

Da shirin gwamnati ya iso, malamin gona ya zo kan babur ya tara mutane ƙarƙashin mangwaron makarantar firamare. Masu gona aka kira, wato maza. An raba iri da taki, aka kuma zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa yi wa gonakin unguwa feshi. Philip aka zaɓa, domin tsohon soja ba ya ƙara wa umarni ba ya ragewa. Aka ba shi famfon feshi na goyo, da takalmin roba, da safar hannu, da maganin ƙwari a cikin wata farar jarka mai jan murfi. Aikin ya dawo masa da ƙuruciya. Yakan fito da sassafe, famfo a baya, yana tafiya kamar a fareti.

"Kofur, yau da wa ake yaƙi?" in ji masu zama bakin hanya.

"Da tsutsa," yakan ce. "Ta fi 'yan tawaye taurin kai."

A damina ta biyu jarka ɗaya ta ƙare, ya ajiye ta bayan rumbu. Saloma ta gani. Roba ce mai kauri, da mariƙi, murfin kuma idan an murɗa shi ko kifa ta aka yi ba ta ɗiga.

"Baban Gladys, wannan ta gwamnati ce ko an gama da ita?"

"Magani ne ya zauna a ciki, Saloma."

"Fenti ma ya zauna a cikin wadda kake wanka da ita."

Ta wanke ta da sabulu, ta wanke da toka, ta zuba yashi da ruwan zafi ta girgiza, ta matse lemun tsami, ta shanya a rana har kusan mako. Sannan ta kawo masa. Ya buɗe ya leƙa, ya shinshina, kamar yadda ake duba kayan soja, ya ce ta yi. Sun ɗan jima suna kai ruwan sha gona a cikinta. Wani lokaci kansa ya yi ciwo, sai ya ce rana ce.

'Yarsu Gladys tana da mai nemanta, Ebenezer, yaron kirki daga wancan gefen tudu. Bisa al'adarmu ta golmo, saurayi yakan yi wa mahaifin yarinya aikin gona damina bayan damina, shi da abokansa, kafin a ba shi ita. Nasa aikin ya kusa cika, an riga an ce biki da kaka. Gidan yarinya ne ke ciyar da masu aikin, kuma a nan ake gane darajar gida. Samarin da ke bin Ebenezer ba su ɓoye ba cewa rabin zuwansu don kunun ne.

Ranar maimai a gonar wake, Saloma ta dama kunu, ta juye shi da ɗuminsa a farar jarkar don kada ya zube wajen hawa dutsen da gonar take kai, ta ɗora a ka ta hau. Ta ajiye a gindin wata ɗorawa tare da tuwo. Japhet, babban abokin Ebenezer, wanda ya fi kowa baki, ya ɗago daga kunya ya gaishe ta.

"Mama, in dai kunun nan ne, ki haifo wata ɗiyar ni ma in fara nawa golmon."

"Ka fara gama kunyar da ke gabanka, sarkin surutu."

Ta juya ta sauko gida. Haka ake yi. Uwar yarinya ba ta zama inda surukinta zai ci abinci, akwai kunya a tsakani. Takan ajiye ta ba da baya. Inuwar ɗorawar ta gusa, jarkar ta zauna a rana har samarin suka tashi hutu.

Ina unguwar Rikoto a Zuru aka aiko mini cewa samarin sun sha kunun sun faɗi. Kafin in isa asibiti an riga an kawo su a bayan motar wani mai sayen hatsi. Tun a gona wasu mata sun ɗura musu manja da madara, abin da ma'aikatan jinya suka yi ta faɗa a kai. Na tarar da samari kwance a kan benci da ƙasa, suna amai, gumi na zuba, yawu na dalala. Ebenezer yana iya magana. Japhet, wanda ya ɗaga jarkar ya shanye na ƙasa, ba ya gane kowa, jikinsa na rawa. Saloma tana tsaye a bakin ƙofa da zanin aikinta, ba ta shiga ba ba ta tafi ba. Likitan ya sa aka kawo jarkar. Ya karanta ɗan rubutun Turanci da ya rage a jikinta, ya ce mana roba tana shan irin wannan magani, wanki ba ya fitar da shi duka, abu mai ɗumi kuma yana jawo shi waje.

Ba wanda ya mutu. Amma Japhet ya jima a kwance, da ya tashi kuma ƙafafunsa ba su koma daidai ba. A shekarar ce yake shirin zuwa ɗaukar sojoji, ya yi wata da watanni yana gudu a hanyar Zuru da asuba. Ya je, bai iya gama gudun ba. Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Kakansa soja ne, ubansa soja ne. Likita bai yarda ya ce maganin ne kaɗai ya jawo ba, bai kuma ce ba shi ba ne.

Maganar da ta fara yawo a Manga gajeriya ce: ita ba ta sha ba. Kowa ya san dalilin da ya sa ba ta sha ba, kowace uwa a garin haka take yi, amma maganar ta ci gaba da yawo. Wasu suka ƙara da cewa dama Kofur yana hangen wani malamin makaranta ga 'yarsa. Monica, mahaifiyar Japhet, ba ta taɓa faɗin haka ba. Ita dai ta daina amsa gaisuwar Saloma.

Na nemi malamin gonar na same shi a ofishinsu, mutum mai natsuwa, kuma na ga abin ya dame shi. Ya ce ya faɗa a taron mangwaro cewa a huda jarkar a binne. Philip ya ce bai musa ba, mai yiwuwa an faɗa, amma a lokacin an fara sauke taki daga mota, kowa ya miƙe. Na tambayi malamin ko akwai mace a wurin. Ya ce sunayen masu gona aka ba shi. Shi kaɗai ne ga ƙauyuka masu yawa, babur ɗin ma nasa ne. Daga baya ya riƙa bi coci-coci ranar taron mata yana bayani, da jarka hudajjiya a hannu. A cocin Manga ya yi bayanin Saloma tana zaune a bencin baya, kowa ya san da wa ake misali.

Dattawan gidajen biyu sun zauna, da fasto. Philip ya miƙe ya ƙame, ya ce shi aka ba maganin, shi ya duba jarkar ya ce ta yi, duk hukuncin da za a yanke a yanke masa. Saloma ta ce daga inda take zaune, "Zauna, Baban Gladys. Ba kai ka dama ba." Aka yanke cewa kuskure ne, ba mugunta ba, golmo ya ci gaba, sai dai a ɗaga bikin zuwa kaka mai zuwa don zukata su huce. Philip ya ɗauki nauyin noma gonar Monica. Ya so ya mayar da famfon, maƙwabta suka hana, domin wakensu na bukatarsa.

An yafe a baki. Amma da Kirsimeti ta zo ba wanda ya kawo wa Saloma dawa ta jiƙa. A taron zumuntar mata ta kai kunu a tukunya, mata suka yi ta godiya, kowa ta ce ta ƙoshi daga gida, aka dawo mata da shi yadda ta kai. Da na ziyarce ta a lokacin na ga kantar ɗakin girki wayam. Ta kwashe gwangwanayen shekara da shekaru ta zuba a rami, har da waɗanda ba su taɓa ganin magani ba. Gishirinta yana cikin ƙwarya, an rufe da faifai.

Da damina ta dawo samarin suka dawo gonar, ban da Japhet, wanda ya koma koyon gyaran babur a Zuru. Sai dai kowannensu ya zo da gorar ruwansa da ɗan ƙunshin abinci daga gidan uwarsa. Gladys ta gaya mini cewa mahaifiyar Ebenezer ta sa shi ya yi mata alkawari da Littafi Mai Tsarki a hannu. A ce masu golmo sun yi wa mutum aiki sun ci abincin gidajensu, ban taɓa jin an yi ba. Philip ya ce da haka gara kada su zo.

Wata ranar aiki na bi Saloma gona. Ta ɗauko kunu a tukunyar ƙasa, tana tafiya a hankali don ba murfi, ya ɗan zuba mata a kafaɗa. Ta sauke a gindin ɗorawar nan. Na jira ta juya, ba ta juya ba. Ta shimfiɗa ɗankwali ta zauna, a gaban surukinta, ta ɗebi kunu da ludayi ta sha, ta ƙara, ta miƙa mini ni ma na sha. Samarin suka sunkuyar da kai, kunyar ta kama su su ma. Da suka tashi hutu suka zauna can gefe suka kwance ƙunshinsu. Ebenezer ya taso ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ya daɗe yana kallon tukunyar, sannan ya koma wurin abokansa. Gladys ta ce haka ake yi tun farkon damina, kuma tsofaffin mata sun fara cewa Saloma ta zubar da kunya.

Muna saukowa, tukunyar kusan cike a kanta, na ce, "Mama, suna ganin kin sha, ba su sha ba. Har yaushe za ki yi ta hawa dutsen nan da shi?"

Ta gyara gammo, ta ce, "Bikin Gladys da kaka ne, ɗana, kuma ni zan yi girkin. Idan ba wanda ya sha ludayi ɗaya a gona, wa zai ci tuwon biki? Zan yi ta kawowa har wani ya fara."