Tela Ya Auna Babur

Shekara talatin da ɗaya Tela yana taka keke biyu, na ɗinki a shago, na hawa a hanya. Gajere ne mai tsabta, wanda ba ya ganin abu bai auna shi da ido ba. Da gwiwoyinsa suka fara ƙorafi, sai ya sayo babur, irin dogon nan mai faɗin hannu, wanda mutum ke miƙe ƙafafu gaba kamar yana kujerar falo.

Ranar farko da ya tayar da shi, rugugin injin ya shiga ƙirjinsa, ya yi ta dariya shi kaɗai. Amma da ya hau, sai ya ga babur ya yi masa yawa. Hannu ya yi nisa, madubi sama yake nuna masa, ƙafarsa da ƙyar take kai giya. Bai damu ba, ai rage kaya aikinsa ne. Ya zare tef daga wuya, ya shata babur ɗin da alli, ya tura shi wurin makanike.

"A rage min inci biyu a hannu, ɗaya a ƙafa."

"Baba, babur ne fa, ba wando ba," in ji makaniken. Duk da haka ya sassauta noti, ya jawo hannun baya, ya gyara giya da madubi. Babur ya zauna wa Tela ɗas.

Saura babban aikin, wato matarsa. Burinsa ya goya ta su zaga gari, abin da keke bai taɓa bari ya yi ba. Ita kuwa ta ce atafau ba ta hawa, wai mazaunin baya ko tafin hannu bai kai ba. Abin ya sosa masa rai. Ya rufe shago kwana biyu, ya yanka soso da fata, ya ɗinka mata mazauni har da majingina, da awonta da yake riƙe a ka.

Ta gwada zama, rabinta a waje.

"Malam, awon wace ce wannan?"

"Naki mana."

"Na wace shekara?"

Sai a nan ya tuna rabonsa da auna ta tun kafin haihuwar ɗansu na fari. Kunya ta kama shi, ita kuwa dariya har da hawaye. Ta miƙe tsaye a tsakar gida ta buɗe hannuwa. "To, zo ka auna wadda kake da ita yanzu."

Ya auna, ya kwana yana gyaran mazauni. Washegari ta hau, tana salati, ta damƙe rigarsa da hannu biyu. Ya ja a hankali har ƙarshen layinsu, ya kunna sigina zai juya gida. Ta ɗan dungure shi a kafaɗa.

"Wa ya ce ka juya? Miƙe mu tafi."