Littattafan da Baba Ya Kai Shago

Salamu alaikum jama'a. Na san na ɓace muku tun zangon karatun da ya wuce. Masu turo saƙo ban amsa ba, ku yafe ni. Jinya na yi, yau kuma na ji ƙarfin ba ku labari.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Rukayya, 'yar Gwallaga. Ina aji uku a jami'a, ina karanta saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam.

Da zuciya abin ya fara. Ina zaune a aji sai ta riƙa bugawa kamar na hau bene da bokitin ruwa. Sai rawar hannu, har biro ya fara gagarata. Ina ci kamar gara amma ina ramewa. Zufa ko da fanka a kaina. Faɗa kuwa, ko tari mutum ya yi kusa da ni sai ya ji a jikinsa.

Lokacin muna tsakiyar kwas ɗin lalurorin ƙwaƙwalwa. Duk ɗan saikoloji ya san ciwon nan namu: kowane babi ka karanta sai ka ga kanka a ciki, ko wani ɗan gidanku. Na buɗe babin fargaba, na gan ni tsaf. Na zama likita, na zama marar lafiya, na ɗora wa kaina jan numfashi a hankali da barin shan shayi.

A gida na ce, "Umma, fargaba ce kawai, mun karanta ta a aji."

"Mun karanta" ɗin nan shi Baba ya riƙe.

Babana tela ne, ba mai yawan magana ba. Tun da na shiga jami'a abokan zamansa ke gaya masa wai karatun masu taɓin hankali ne, wanda ya zurfafa sai ya bi sahunsu. Da yake yana so na, ya toshe kunne. Amma da ya ga idanuna sun fara firfitowa, ga rama, ga tsawa ba dalili, sai ya kira ni.

"Rukayya, ba zan zuba ido karatu ya cinye mini 'ya ba. Daga yau kin bar shi."

Ya zuba littattafaina a buhu, ya sa a keke, ya kai shagonsa. Jarrabawa na ƙaratowa. Na yi kuka sosai, kukan kuma ya ƙara tabbatar masa da zarginsa.

Sai ga Chioma, 'yar ajinmu, iyayenta na da shago a wajen Shadawanka. An haɗa mu aikin gwaji na yi wa marar lafiya tambayoyi, ta biyo ni gida ta ce tunda ga ni a kwance, ni ce marar lafiyar. Ta fara yadda malaminmu ya koya mana.

"Wane likita ya duba ka?" Hausar Chioma ke nan, kowa namiji ne.

Na ce babu.

"Kai! Malam ya ce kafin ka ce ƙwaƙwalwa ne, a fara duba jiki. Darasi na farko fa. Ka tsallake shi."

Ta je ta durƙusa gaban Baba, ta gaya masa darasin da na tsallake. "Baba, ka ba mu asibiti sau ɗaya. In likita ya ce littafi ne, ni ma zan bari."

Baba ya ce mu shirya.

Layin kati, layin awon jini, jira a benci. Likitar ta riƙe hannuna tana jin bugun jini, ta ce na miƙe hannuwa ta ɗora takarda, takardar ta hau rawa. Ta ce na cire hijabi na haɗiyi ruwa, tana taɓa wuyana. Ashe akwai kumburi a gaban wuyan, ni ko lura ban yi ba.

Gwajin jinin ba arha ba, hoton wuya ma haka. Baba ya biya duka.

Kwanakin jiran sakamako na ji tsoro ƙwarai. Cutar kansa na kawo a raina, kuma ba numfashin da na ja da ya kore ta.

Sakamako ya fito: tairod ce, wata tsoka a gaban wuya, take aiki fiye da kima. Ita ke tsere da zuciyata.

Baba ya gyara zama. "Likita, ba karatun ba ne?"

"Alhaji, ko makaranta ba ta taɓa shiga ba, wannan zai iya kama ta. Ba ruwan littafi."

Aka ɗora ni kan ƙwayoyi, ana sake awon jini lokaci-lokaci. Ta gargaɗe ni, in na ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro na taho asibiti nan take. Sannu a hankali zuciya ta lafa, hannu ya tsaya, kumatu suka dawo. Har yanzu ina shan magani, amma Alhamdu lillahi, garau nake.

Na gode wa Allah. Na gode wa Umma da ta jure tsawata, da likitata, da Chioma, wadda zan riƙa shan gori daga bakinta har mu gama.

Shawarata: in zuciyarka na gudu, kana ci kana ramewa, kana zufa ba dalili, je a auna jininka. Fargaba cuta ce ta gaske, tana da masu maganinta, amma kar ka yanke wa kanka hukunci daga littafi ko waya. 'Yan'uwana mata, ku riƙa duba wuyanku a madubi. Kuma kar a daina magani don an ji sauƙi.

Jarrabawa kuwa na rubuta ta, da hannun da ba ya rawa.

Ana saura 'yan kwanaki a fara, Baba ya dawo daga shago da buhun nan. Na buɗe, na tarar kowane littafi ya ɗinka masa riga da ragowar yadi, har da maɓalli. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon wani wajen.

"Darasin nan da ƙawarki ta ce kin tsallake," in ji shi, "daga nan za ki fara."