Mai Gwada Lema a Kasuwar Rogo

Rana na dukan ƙeya a kasuwar Rogo, amma ga wani dattijo tsaye ƙarƙashin sabuwar lema, mai kanti na tsiyaya ruwan buta a samanta. Hannunsa duk kanta. Ina jin manomin gyaɗa ne. Yana ɗaga ido yana neman yoyo, yana murmushi kamar ango.

"'Yata ce za ta kai ni Malesiya in ga duniya," in ji shi. "Wai can kullum ruwa ake."

Mai kanti ya ce, "To Baba, ba zai hana ku yawo ba?"

Dattijon ya naɗe lemarsa a hankali. "Ɗana, tun ina yaro nake roƙon Allah ruwa. Ai shi zan je kallo."