Sukarin cikin hula

Tun ranar da asibitin Isa suka ce Baba yana da ciwon sukari, suka ɗora shi kan wata farar ƙwaya, na zama 'yar sandan gidanmu a Turba. Na kwashe sukari da zuma na rabar, har aljihunsa nake lalubewa. Yana ce mini "likita babu allo", ni kuwa ko a jikina.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi. Hanyar Isa ba ta biyuwa a lokacin saboda 'yan bindiga, sai wani ɗan kasuwa mai zuwa Nijar ya kawo mana maganin zazzaɓi mai ɗaci, rubutun kwalin duk Faransanci. Na haɗa masa da ƙwayarsa, ga shi ko fura ya ƙi sha. Kwana biyu, da hantsi, gumi ya karyo masa, hannunsa na rawa, yana kirana da sunan innata da ta rasu. Na ce zazzaɓin ne ya dawo, har na ɓallo wata ƙwayar maganin zazzaɓin. Hankalina dai ya ƙi kwanciya. Na shiga, na fita, na hau turmi ina neman sabis, na kira gwaggona mai aikin jinya a Isa.

"Mi kunka ba shi?" in ji ta. Na karanto mata sunan da ke kwalin harafi-harafi.

"Aje shi! Wanga magani in ya gamu da nashi, ƙasa sukari ka yi. Shina iya haɗiya? Ba shi sukari yanzu-yanzu!"

Sukari, a gidan da na share da hannuna! Maƙwabta duk suna gona, mai shago ya kulle. Na zazzage kwanuka ina kuka, ina tsine wa wayona. Na dawo na tallafo kansa, hularsa ta faɗi, wani ƙullin takarda ya gangaro. Sukari ne mai ƙwaya, guda huɗu, sun yi baƙi da gumi.

Na jiƙa na ɗura masa kaɗan-kaɗan. Can ya dube ni, ya dubi hular.

"Kin kama ni, ɗiyata," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Washegari aka samu mota, muka yi kasadar bin hanyar, muka kai shi asibiti. Kafin mu fita na ƙulla wasu huɗun, na sa masa a hula da kaina.