Yis a Firjin Mutane

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Ain Khaled, ni da abokin karatuna da direbanmu, wani dattijo ɗan zangon Kumasi. Wata masana'antar lemun malt marar giya muka nufa, can bayan gari, don in karɓo yis ɗin da zan yi binciken kammala karatuna da shi. Sau ɗaya suka yarda su ba ni. Hanya fes, sai manyan motoci. Mun tsaya mun sha shayin karak na riyal ɗaya, direba yana mitar sukari ya yi yawa, amma ya shanye kofi biyu.

Ma'aikacin da ya karɓe mu bai da yawan magana, abin da ya yi mini daidai. Hanyarsu ita ce ta masu giya da muke karantawa a littafi. Ana sanyaya tanki kwana biyu har yis ya kwanta a gindinsa mai tsini. Da ya buɗe famfo, na farko ya fito baƙi-baƙi, aka zubar. Na tsakiya, mai kaurin kunun gyaɗa, shi ya cika mini kwalba. Ya ce kada ya ji zafi. Na binne ta cikin ƙanƙara a kula.

A dawowa direba ya karkata zuwa unguwar Al Rayyan, wai zai gaida wani ɗan'uwansa, minti biyar. Gaisuwa ta kai kan mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, aka kawo wake da shinkafa. Kula tana but ɗin mota, rana ta take. Ina kallon agogo, na kasa ce wa dattawa mu tashi. Sai da minti arba'in suka wuce na fita na duba. Ƙanƙarar ta zama ruwa.

Na rungumo kular har falo, na durƙusa.

"Baba, a ara mini firji."

Maigidan ya leƙa kwalbar. "Wannan kokon kake wa zaman makoki tun ɗazu? Yalla, maza kai shi kicin!"

Ya ƙara mini da ƙanƙara cike da leda.

Da la'asar na isa ɗakin gwaji na duba yis ɗin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Wasu ƙwayoyin sun mutu, amma masu rai sun ishe ni aiki. Waɗanda suka mutun, shiruna ne ya kashe su, kuma haka na rubuta a littafin gwajina.